Raguna Arba'in, Turke Bakwai

Rana ta take a kan Illela, Asta na durƙushe a bayan rumfar gidan kawunta tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Tun hantsi take wurin. Ruwan albasar ya cinye fatar yatsunta har ta tsattsage, idanunta sun yi ja, ba ka iya cewa ga hawayen albasa ga na yunwa, don rabonta da abinci tun ɗumamen da ta lasa kafin ta share gida. Amma in ka lura da kyau, hannun hagu ne kaɗai ke aikin albasar. Na dama yana riƙe da tsinke, yana zane a ƙasa a hankali. Lissafi ne da malaminsu ya rubuta a gefen allo, ya ce ba dole ba ne, wanda ya ga zai iya ya gwada. Sauran 'yan ajin sun manta da shi tun kafin a tashi. Ita kuwa tana ta yawo da shi a kai, tana juya shi, yau ne ma ta ji kamar ya fara buɗe mata ƙofa...

Sai ga takalmi ya sauka a kan zanen, ya murza shi.

"Mi nika gani haka? Albasa nac ce ki tsince ko ƙasa nac ce ki buga?"

Inna Tasalla ce, matar kawunta. Ba ta jira amsa ba, ta kai mata rankwashi a tsakiyar kai, ta ƙara da cewa in wannan tsibin bai ƙare ba kafin la'asar, to, tuwon dare ma ba rabonta ba ne. Asta ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Da takun ya yi nisa ta dubi inda zanen yake. Babu komai sai sawun takalmi. Wannan ne ya sa ta kuka, ba rankwashin ba.

Mahaifinta, Jaɓɓo, makiyayi ne a dajin Tozai, maciji ya sare shi tana ƙarama. Mahaifiyarta Maimuna ta ɗauke ta suka koma Ƙwanni, can hayin iyaka, inda take da dangin uwa, ta sa ta makarantar boko ta can. Kullum da yamma Maimuna kan zauna da ita a tabarma su yi aikin gida tare, har ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ya tafi da ita. Shi ne Alhaji Mukhtari, wan Maimuna, mai fataucin albasa tsakanin Illela da Nijar, ya je ya ɗauko yarinyar. Mutum ne mai kirki gwargwadon zamansa a gida, sai dai zaman nasa kaɗan ne. Ya sa ta ƙaramar sakandare, aji ɗaya da 'yarsa Na'ima, ya rubuta ta da sunansa, ya hau mota ya koma kan hanya.

Abu biyu Asta ta gada wurin mahaifinta. Na farko, Jaɓɓo ba ya ƙirga shanunsa da baki, kamar yawancin mutanensa. Tsayawa yake ya zuba wa garke ido, ya yi ta kallo, sai ka ji ya ambaci sunan saniyar da ba ta dawo ba. Yakan ce mata kada ta yi wa garke gaggawa, ta tsaya ta kalle shi, shi da kansa zai gaya mata wadda ta ɓata. Na biyu kuwa filako. Ɗa ba ya musu da babba, ba ya tona asirin gidan da yake cin tuwo, in an zarge shi ya yi shiru. Gadon farko shi ya sa ta fi kowa lissafi. Na biyu ya kusa hallaka ta.

Kada a zalunci Na'ima, ita ma Allah ya ba ta kai. Kafin zuwan Asta ita ce ta ɗaya a lissafi, kuma ba da alfarma ba. Malam bai gama rubuta tambaya ba hannunta ya tashi sama. Amma ranar da ta taɓa zuwa ta biyu uwarta ta tsula mata igiyar guga, ta ce ba ta haifi mai bin bayan kowa ba. Tun daga ranar, duk tambayar da Na'ima ba ta gane hanyarta nan take ba sai ta zame mata alƙali. Zuciyarta ta riƙa bugawa, tafinta ya jiƙe, ta rubuta duk abin da ya zo hannu don kada wurin ya zauna fari. Asta kuwa masu sauƙin ne ke gundurar ta. Mai wuya ita take so, ta zauna da ita kamar yadda ake zama da baƙo, ta yi kuskure, ta goge, ta sake, ba ta jin kuskuren ya rage mata komai. Yara biyu masu baiwa ke nan a ɗaki ɗaya, ɗaya na gudun tambaya tana cin nasara, ɗaya na bin tambaya tana shan duka.

Taubasai ne, don haka akwai wasa a tsakaninsu in Inna ba ta kusa. Na'ima kan kira ta Madam Ƙwanni, ita kuma ta kira Na'ima Hajiya Gaggawa.

"Madam Ƙwanni, ba ni amsar ta ƙarshe in ba ki ƙosai."

"Ke da kike ta ɗaya? Zauna in nuna miki yadda akai."

"Ba ni son yadda akai, amsa nika so. Ke kina da izinin faɗuwa, ni ba ni da shi."

Sai Asta ta ba ta. Na'ima ta duba amsar, ta bi ta baya-baya da kaifin kanta, ta tsara aikin tsaf yadda littafi ya ce. Haka suka daɗe suna yi.

Matsalar Asta a makaranta ita ce rabawa. A Ƙwanni ba a yin ta kamar yadda ake yi a Najeriya. Can akan ja layi a tsaye, a sa abin da za a raba a hagu, mai rabawa a dama, amsa ta fito a ƙarƙashinsa, ɗebewar kuma a ka ake yin ta, sai ragowa kawai ake rubutawa. Ta koyi ta littafin Najeriya, tana iya ta. Amma duk lokacin da tambaya ta yi tauri ta nutse a cikinta, sai hannunta ya koma wa hanyar da Maimuna ta koya mata a tabarma, ba tare da ta sani ba. Malam Usama, malamin lissafi, matashi ne da aka turo daga nesa, bai taɓa ƙetare iyaka ba, kuma a ganinsa yarinyar daga ruga ta zo. Abin da yake gani a takardarta shi ne amsa daidai, aiki a juye, lambobi a inda bai kamata su zauna ba. Ta taɓa ce masa, murya ƙasa-ƙasa, haka suka koya. Ya ce ba ya son rashin kunya. Bai tambaye ta a ina ba, ita kuma ba ta ƙara ba.

Da suka kai aji uku sai labari ya zo cewa wata makarantar kwana ta kimiyya ta 'yan mata a Sakkwato za ta ɗauki yarinya ɗaya daga makarantarsu, kyauta, ci da sha da littattafai. Ga Tasalla wannan kujerar ta Na'ima ce tun kafin a yi jarrabawa, har ta gaya wa matan unguwa. Ga Asta kuwa ita ce kaɗai hanya, don ta ji da kunnenta Inna na cewa daga aji uku bokon marainiya ya ƙare, albasa na neman hannu.

Ranar jarrabawar tantancewa aka zaunar da su benci ɗaya, saboda sunan uba ɗaya suke amsawa. Na'ima ta zuba gudu ta gama komai, ta zo kan tambayar ƙarshe ta tsaya cak. Ba irin wadda ta taɓa gani ba ce. Ta yi gumi, ta ciji biro, daga ƙarshe idonta ya zame gefe... Ta ga amsar, ta bi ta baya-baya kamar yadda ta saba. Da aka duba takardu, su biyun ne kaɗai suka ci tambayar, kuma Asta ta ɗara ta a jimla.

Tasalla ba ta ɓata lokaci ba. Ta yafa mayafi ta sami Malam Usama a ofis, ta yi masa kukan uwa: marainiya ce suke riƙo don Allah, amma kullum a gida littafin Na'ima take ɗauka ta kwafa, sun rasa yadda za su yi da ita. Malam Usama ya ji kamar an sosa masa inda ke ƙaiƙayi, don abin da yake zargi ke nan tun tuni. Ya ajiye takardun biyu gaban shugaban makaranta, ga aiki tsaf, ga shirme da amsa daidai, ya ce a duba a ga wa ya kwafi wa. Aka kira yaran. Aka tambayi Na'ima ko Asta ta leƙa takardarta. Na'ima ta dubi uwarta, uwar ta kafa mata ido. Na'ima ta gyaɗa kai.

Washegari aka fito da Asta gaban taron ɗalibai, aka kira ta ɓarauniyar amsa, Malam Usama ya zane ta da bulala a tafin hannu, tafin nan da albasa ta riga ta tsaga. Ba ta yi ihu ba. Hawaye kawai ke sauka, tana kallon ƙasa. Aka soke sunanta, aka sa na Na'ima.

Da Alhaji Mukhtari ya dawo daga tafiya, labarin ne ya tarbe shi a zaure. Ya kira ta ya zaunar da ita gabansa, ya ce ta gaya masa gaskiya tsakaninta da Allah, ta yi ko ba ta yi ba. Ga Inna a bakin ƙofa, ga Na'ima a bayan labule. In Asta ta ce ba ta yi ba, ta ce matarsa maƙaryaciya ce ke nan, ta kuma miƙa taubashiyarta ga igiyar guga, a gidan da aka ɗauko ta aka ba ta tabarma. Bakinta ya ƙi buɗewa. Ya sake tambaya, ya lallashe ta, ya daka mata tsawa. Shiru. A rugar Jaɓɓo da an gane wannan shirun, an ce yarinya tana da tarbiyya, a je a bincika. Amma Mukhtari ɗan kasuwa ne, a wurinsu wanda aka zarga bai rantse ba ya amsa laifi.

"Kin kunyata ni, kin kunyata Maimuna cikin kabarinta," in ji shi. "Makaranta ta ƙare."

Allah sarki! Sunan mahaifiyarta da ya ambata ya fi mata bulalar ciwo.

Daga nan sai kasuwar albasa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, tana tsince wa dillalai. Kuma abin bai tsaya nan ba. An ce kafin a kammala ɗaukar yarinya sai wata malama ta zo daga Sakkwato ta gan ta ido da ido, ta yi mata tambayoyi a allo. Da Na'ima ta ji haka sai ta daina cin abinci. Ta rame, tana firgita, ga amai ga ciwon kai, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Tasalla ba ta nemi dalili da nisa ba. Ta tara matan makwabta ta ce su tuna zanen nan da yarinyar ke yi a ƙasa, layi-layi da ɗigo-ɗigo. Wa ke zane a ƙasa in ba mai bugun ƙasa ba? Daga dangin ubanta ta gado shi, yanzu ta juya kan ɗiyarta don an hana ta Sakkwato. Mata suka riƙe baki. Wata ta ce lalle ta taɓa ganin ta tana zane tana motsa leɓe. Kafin mako ya zagayo an hana yara zuwa kusa da ita, mai ƙosai ta daina karɓar kwanonta, in ta wuce a tofar da yawu a nemi tsari. Tasalla ta fitar da tabarmar Asta daga ɗakin Na'ima ta jefa a rumbun albasa.

Asta ta daina zane. Ta ɗaure hannunta da aiki, amma kan ya ƙi ɗauruwa. Tana tsince albasa tana jin tambayoyi na zuwa mata da kansu: me ya sa in an jera buhuna haka suke cika mota, in an jera haka su bar gurbi? Wata rana bayan sallar azahar, a bayan wata rumfa, ta ɗaga hannu tana kuka, ta ce ya Allah, Kai ka sa mata son abin nan ba ita ta roƙa ba, in sharri ne gare ta Ka cire mata shi ta huta, in kuwa alheri ne Ka wanke ta ko da ba ta je Sakkwato ba, don kada sunan mahaifiyarta ya zauna da datti. Ta shafa, ta goge fuska, ta koma kan tsibi.

Malamar ta zo ranar wata Talata. Sunanta Malama Shafa'atu, dattijuwa ce mai farin tabarau, ba ta da yawan magana. Aka kira iyayen Na'ima, Mukhtari ya sa babbar riga, Tasalla ta ci ado. Kafin a fara, malamar ta tambaya ko Na'ima ce ta fi kowa maki. Malam Usama ya yi murmushi ya ce akwai wata, amma sata ta yi, an kore ta. Don ya ba baƙuwa dariya sai ya ɗauki alli ya ce bari ya nuna mata irin shirmen da yarinyar ke zanawa don a ce ta yi aiki. Ya ja layi a tsaye, ya ja wani a kwance, ya watsa lambobi dama da hagu.

Malama Shafa'atu ba ta yi dariya ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Malam, wannan rabawa ce. Na yi shekaru ina karatu a Yamai. Daga Ƙwanni har can, haka kowane yaro ke yin ta. Ina yarinyar ta yi firamare?"

Alhaji Mukhtari ya ƙura wa allon ido. Ya san zanen nan. Shekara da shekaru yana ganin abokan cinikinsa na hayi suna yin sa in za a raba buhuna a motoci. Bai taɓa buɗe littafin 'yar ƙanwarsa ya duba ba, shi ke nan. Ya ce a Ƙwanni ta yi. Malamar ta ce a kirawo ta.

Tasalla ta miƙe ta ce ba ta yarda ba, yarinyar nan tana da asiri, in ta shigo za ta rufe wa ɗiyarta baki. Malamar ta ce in asiri na yin lissafi ita ma tana so a koya mata, Tasalla ta koma ta zauna.

Aka zo da Asta daga kasuwa, zane duk ƙasa, warin albasa ya riga ta shiga ajin. Ta durƙusa ta gaida kowa, har Malam Usama. Malamar ta raba allo biyu da alli, ta tsayar da su nesa da juna yadda ba mai ganin aikin wata. Ta fara ba su rabawa da wasu tambayoyi irin na littafi. Duk suka ci, Na'ima da sauri, Asta a hankali, da layinta na tsaye. Malam Usama ya fara share gumi. Sannan malamar ta ce saura ɗaya, su saurara.

"Mutum na da raguna arba'in da turke bakwai. Yana so ya ɗaure su duka, kowane turke ya samu, amma adadin kowane turke ya zama mara, wato wanda ba ya rabuwa biyu daidai: ɗaya, uku, biyar, haka. Ku raba masa."

Na'ima ta faɗa wa allo. Ta jera lambobi ta tara, talatin da tara. Ta goge, ta sake, arba'in da ɗaya. Ta sake, talatin da tara. Allin ya karye a hannunta, ta ɗauki wani. Ta waiga ta ga idon uwarta. Sai ta jera biyar-biyar da bakwai-bakwai, ta rubuta shida a ƙarshe, ƙarama, kamar mai fatan kada a gani. Ta ajiye alli ta ce ta gama.

Asta ba ta rubuta komai ba. Tana tsaye, hannu a ƙasa, ta zuba wa baƙin allo ido. Lokaci ya yi ta tafiya. Shugaban makaranta ya duba agogo. Tasalla ta taɓa mijinta da gwiwar hannu, ta ce a fili, "Kun gani ko? An nisanta ta da ɗiyata, ta rasa inda za ta leƙa." Mukhtari ya sunkuyar da kai, ɗan abin da ya fara tsirowa a zuciyarsa ya koma. Malamar ta ɗaga hannu ta ce a ƙyale ta. Ita kuwa Asta ba ta ji su ba. Ragunan take kallo.

Can ta juyo.

"Malama, ki gafarce ni... ba shi yiwuwa."

Wani ya yi tsaki. Malamar ta ce ta faɗi dalili.

Asta ta ce a kowane turke, in an haɗa ragunan bibbiyu, tunda mara ne, dole ɗaya ya rage ba shi da aboki. Turke bakwai, marasa aboki bakwai ke nan. In an kwance su an haɗa su su ma bibbiyu, shida za su samu juna, ɗaya ya rage. To duk yadda aka juya rabon, wannan ɗayan yana nan. Raguna arba'in kuwa in an haɗa su bibbiyu babu mai ragewa. Saboda haka ko dai ragunan ba arba'in ba ne, ko turakun ba bakwai ba ne.

Malama Shafa'atu ta cire tabarau ta tambaye ta ko ba ta ji tsoron ce wa babba tambayarsa ba ta da amsa ba.

"Na ji tsoro, Malama. Amma ragon shina nan tsaye shi kaɗai. Ba ni iya cewa ban gane shi ba."

Malamar ta juya wurin Na'ima, ba da faɗa ba. Ta ce ta lura da ita, kullum tana samun talatin da tara ko arba'in da ɗaya, ba ta taɓa samun arba'in ba, kuma yarinya mai kai irin nata ta san wannan na nufin wani abu. Tana bakin ƙofar amsar. Me ya sa ta rubuta shida alhali ta san shida ba mara ba ne?

Na'ima ta ce, "Inna tac ce kada in bar wuri ba amsa... ko mi na, in rubuta." Sai kuka ya ƙwace mata, wanda ta daɗe tana haɗiyewa. Ta zube gaban ubanta ta riƙe ƙafarsa, ta ce Baba ita ce ta leƙa, Asta ba ta taɓa kwafar ko ɗigo ba, duk masu wuyar Asta ke ba ta, Inna ta sani, kuma ba wanda ya yi mata asiri, abin da ta yi ne ya hana ta cin abinci. Tasalla ta yunƙura za ta rufe mata baki, Mukhtari ya ce in ta taɓa yarinyar nan sai ta gane kurenta. Ya juya ga Asta, dattijo da gemunsa, hawaye na bin fuskarsa, ya tambaye ta don me ba ta faɗa masa ba ranar da ya tambaye ta.

Ta ce, "Kawu, tuwon gidanka nika ci."

Ya rufe fuska da hannun riga.

Malama Shafa'atu ta rubuta sunan Asta. Ta kuma sa sharaɗi cewa a inda aka kira ta ɓarauniya a nan za a wanke ta. Washegari Malam Usama ya tsaya gaban taron ɗalibai ya ce ya zalunci ɗalibarsa saboda bai san abin da ta sani ba kuma bai tambaya ba, ya nemi gafararta. Aka ɗauke shi daga ajin jarrabawa. Tasalla kuwa Mukhtari ya sa ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta kai maganar bugun ƙasa ta je ta kwashe abinta da bakinta. Matan da suka tofar da yawu su ne suka fi kowa yi mata dariya, haka mutane suke. Da ta gama ya sa ta a mota zuwa gidan iyayenta a Lafani, ya ce ta zauna can sai ya neme ta. Har damina ta faɗi bai neme ta ba.

Asta ta yafe wa duk wanda ya roƙa, ba ta yi dogon jawabi ba. Abin da ta nema wurin kawunta ɗaya ne, kada a sake dukan Na'ima don ta faɗi tambaya. Malamar ma ta ce baɗi akwai wata jarrabawar shiga babban aji, in Na'ima ta koyi tsayawa gaban allo ba ta rubuta komai ba, ta zo.

Ran tafiya, an ɗaure akwati a bayan babur, hadari na haɗowa daga gabas. Asta ta ce a ɗan jira ta. Ta karya tsinke ta durƙusa a bayan rumfa, daidai inda takalmi ya taɓa murje mata aiki, ta zana wata tambaya, doguwa, mai wuya.

"Hajiya Gaggawa, ga taki. Ni ma ban gama ta ba."

"To ba ni rabin amsar mana, Madam."

"Ba ni da ita. Ki zauna da ita har hutu, in na dawo mu ga wadda tac ci wata."

Na'ima ta durƙusa ta duba. Ba ta gane hanyarta ba. Ta ji zuciyarta ta fara bugun nan da ta saba, ta jira, bugun ya lafa. Ba wanda ke tsaye a kanta.

Babur ya tashi, yayyafi ya fara sauka. Alhaji Mukhtari ya dawo daga rakiya ya tarar da 'yarsa har yanzu a durƙushe. Ya leƙa zanen, bai fahimci komai ba. Ya shiga madafa ya ɗauko babban daro, ya kife a kai don kada ruwa ya wanke.